Keken da Na Kankare

Ban taɓa hawa keke ba, ko goyo ba a taɓa yi mini a kansa ba. Amma na taɓa zaɓar keke, kuma wanda na zaɓa ya yi shekaru yana shiga zauren gidanmu yana fita. Yadda aka yi na zaɓe shi ba abin alfahari ba ne. Ina rubutawa ne saboda jikokina suna ganinsa a jingine bayan rumbu, jikinsa duk tabo, suna tambayar wa ya yi masa wannan aika-aika, iyayensu kuma sai su yi dariya su ce a tambayi kaka.

Keken na ɗan farina ne. Ba zan rubuta sunansa ba. Bakina bai taɓa faɗa ba, hannun da aka koya wa riƙe fensir da girma a ajin yaƙi da jahilci kuwa ba zai fi bakin rashin kunya ba. Haka muka taso muka tarar: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. In yana zazzaɓi, ki dafa magani ki ba ƙanwarsa ta miƙa, ke ki juya baya kina tankaɗe. In zan yi masa magana, bango nake yi wa, ko tukunya, ko mahaifinsa. Shi ma ya iya. In yana da buƙata sai ya tsaya a tsakar gida ya gaya wa Malam da ƙarfi, don ya san kunnena yana madafi.

Sana'arsa a lokacin ƙwan zabi ce. Da damina ta zauna zabi suka fara saka, sai ya bi rugage da ƙauyukan da ke bayan Mainika yana saye, ya jera a kwando da ƙaiƙayi, ya kawo Gwarzo ya sayar wa masu dafawa da masu kaiwa birni. Wahalar ita ce lokacin ƙwai shi ne lokacin da hanya ta fi lalacewa. Ba titi ba ne. Burtali ne da 'yar hanyar ƙafa tsakanin gonaki, nan yashi, can taɓo, gaba kaɗan kwazazzabon da ruwa ya ƙwaƙule, sai an gangara sannan a hau. Damina biyu ya yi da kwando a ka, yana da shekara ashirin da 'yan kai, har tsakiyar kansa ta fara sanƙo.

Wata ranar Laraba ina surfe ya shigo ya tsaya kusa da turken tunkiyata, ya ɗaga murya.

"Baba, an kawo wasu kekuna na gwanjo. Masu giya, tayarsu kamar ta babur. Wai a ƙasar Turawa duwatsu ake hawa da su don wasa. Akwai wani ja, sifirin gaba, sifirin baya, in ka hau kamar kana kan katifa. Mai shagon ya ce shi ne daidai da ƙwai."

Malam ya ce, "Wane shago?"

Ya faɗa. Taɓaryata ta tsaya a sama, sai da na tuna sannan na sauke ta.

Dole in koma baya kaɗan. Zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da ake yin layin sabulu da madara tun asuba kuma a dawo hannu biyu, sabon keke ya gagari talaka. Kayan gyara ma ɓacewa suka yi. A lokacin Malam ya sayi keke a hannun wannan mutumin, wanda tare suka yi karatun allo. Baƙi wuluk, fenti yana ɗaukar ido. Bai rufa wata biyu ba, ranar kasuwar Kabo, ya ɗauro buhun dawa, a wani gangare ƙarafa biyun da suka riƙe ƙafar gaba suka ɓalle. A amalanke aka kawo mini shi. Maɗori ya yi iyakar yinsa, amma kafaɗar dama ta zauna a karkace. Daga ranar bai ƙara yin huɗa ba, ya koma zaure yana tufkar igiya da ɗinkin hula.

Da aka kawo gawar keken na tsuguna na duba inda ya karye. Tsohuwar walda ce, an goge ta an shafe da fenti, cikinta duk tsatsa. Malam ya ce ƙaddara ce, ya ci gaba da gaisawa da mutumin, har ɗaurin auren 'yarsa ya je. Ni ban taɓa yi masa rashin kunya ba. In ya yi sallama nakan amsa. Sai dai ruwan da zan aika masa zaure ba daga randar sanyi nake ɗiba ba.

To, ga shi kusan shekara ashirin bayan nan, ɗan da yake rarrafe a gefen tabarmar jinyar ubansa zai je ya ɗauko ƙarfe a hannun mutum ɗaya, ya bi da shi hanyar da ta fi ta Kabo muni. Kuma tunkiyata za a sayar a cika, don shi ya sa ya tsaya kusa da turkenta. Tunkiyar ba ta dame ni ba. Amma ita kaɗai nake da ikon yin magana a kanta.

Na ce wa turmi, "Tunkiya dai ba ta fita gidan nan a kan abin da ban gani ba. In kekuna ne, suna da ƙafa, a turo su."

Washegari bayan la'asar mai kekuna ya zo da kansa. Na sa hijabi na zauna a bakin ƙofar zaure ta ciki, inda nake ganin rabinsa. Ya tsufa. Gemu ya yi fari, wando ya ɗage sama da idon sawu, kamar yadda maza da yawa suka koma a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a. Lokacin ana bin kasuwa ana duba mudu, wanda aka bubbuga gindinsa ya lotsa a ƙwace, kowa bakinsa a faɗi aibin kaya kafin a sayar. Ni dai na ga an gyara mudu. Masu awon ban sani ba.

"Hajiya, barka da yamma. Ya gida, ya yara, ya ruwa?"

"Lafiya lau, ruwa ya yi gyara." Ban je Makka ba, kuma ya sani. Na ajiye wannan a gefe.

Kekuna biyu ya kawo, alhali ɗaya aka yi magana. Jan yana nan yadda aka faɗa, yana sheƙi, da wani ƙaton sifirin a ƙarƙashin sirdi, gaɓoɓi da kusoshi ko'ina. Yaron nawa ya danna sirdin da tafin hannu, keken ya durƙusa ya miƙe kamar raƙumi. Ɗayan kuwa ruwan toka ne, fentinsa ya kwanta, ba kwalliya. Sifirin ɗinsa a gaba kawai yake, bayansa ƙarfe ne miƙaƙƙe, ba ya motsi. A wuyansa, daidai saman inda ƙarafan gaba suka haɗu, an nannaɗe shi da baƙin salatif.

Idona ya sauka a kan salatif ɗin nan, bai ƙara tashi ba.

"Wannan ma na ce bari in haɗo da shi," in ji mai kekuna, yana shafa sirdin mai ruwan toka. "A gwada shi shi ma. Ba a sani ba."

Na ce a raina, ka ji. A shago ya yabi ja don yaro ya kwaɗaitu ya kawo kuɗi, a gida kuma zai zame ya tura mana mai ciwon da ya ɗaure wa wuya. Ko kuma jan ne mai ciwon, ya kawo mummunan don jan ya ƙara kyau a ido. Duk ta inda na juya maganar, sai in ga wayo a ciki.

"Wallahi Hajiya, kaya ne masu lafiya. Wallahi ko ɗingishi."

Ba wanda ya ce ya rantse. Na ajiye wannan ma kusa da na farko.

A shekarun nan an buɗe mana Islamiyyar matan aure, muna zuwa da hantsi Asabar da Lahadi. Ba a daɗe ba malamarmu ta karanta mana babin ciniki, ta ce dabbar hawa, in an yi sharaɗi, mai saye yana iya riƙe ta kamar kwana uku ya gwada tafiyarta kafin ciniki ya faɗa. Na rubuta a bayan littafina da manyan baƙaƙe, ban san ranar amfaninsa ba.

Na ce, "Malam, a gaya masa a bar mana su kwana uku. Wanda ya yi, a biya. Wanda bai yi ba, a mayar."

Mai kekuna ya yi dariya har da tafa cinya. "Hajiya, ai wannan hukuncin jaki ne. Keke ne fa."

"Hawansa ake yi ko yanka shi?"

Malam ya sunkuyar da kai a kan igiyarsa, kafaɗarsa mai lafiya tana rawa.

"To, an ɗaure ni da igiyata," in ji mai kekuna. "Na yarda. Amma tunda karatu ake yi, a ƙarasa shi. Yadda aka karɓa haka za a mayar. Wanda ya yi wa jakin mutane tsaga a kunne, ya saya."

"An ji," na ce. Na ji kuwa, amma ta bayan kunne.

Ranar farko yaron ya ɗauki ja. Tun a ƙofar gida matsala ta fito: ba inda za a ɗaura kwando. Bayan keken motsi yake yi sama da ƙasa, ba shi da ramukan da ake ɗaura kariyar ɗaukar kaya. Sai da suka je wurin mai faci ya maƙala wata 'yar kariya a jikin sandar sirdi, tana reto a iska ba abin da ya tallafe ta ta ƙasa. Ni na zuba ƙaiƙayi a kwandon da hannuna, na gero, wanda na tara tun kaka.

Da ƙafa yakan dawo bayan la'asar. Na yi tsammanin da keke zai riski azahar a gida. Sai da aka yi la'asar aka watse sannan na ji shi a zaure.

"Baba, ai wannan ba keke ba ne, jirgi ne. Ko ɗaya bai fashe ba."

Da ya fita masallaci na ɗauko kwandon. Ƙaiƙayin da ke ciki na dawa ne, ja-ja, ba nawa ba. Na kifar da shi na shinshina gindin kwandon: an wanke, amma ƙarni ba ya jin wanka ɗaya. A tsakanin saƙar akwai ɗan ɓawo mai ɗigo-ɗigo ya maƙale. Rigarsa da ya rataya a igiya ta yi farin gishiri tun daga wuya har ƙugu. Takalminsa kuma taɓo ya kama shi har sama, irin na wanda ya taka ƙasa ya tura kaya, ba na wanda ƙafarsa ke kan feda ba.

Daga baya, shekaru bayan nan, shi da bakinsa ya ba ƙannensa labari ina ji: wai in ya zo hawa tudu, duk ƙarfin da ya danna sai sifirin ɗin baya ya shanye, keken yana ta rusuna masa kamar mai gaisuwa, ba ya gaba. A gangare kuma kwandon ya riƙa tsalle yana dukan sirdi. Amma a ranar bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Yaya zan tambaya? Na wanke rigar na shanya.

Abin da na kasa ganewa shi ne me ya sa yake rufa wa keke asiri. Sai zargina ya sake komawa kan mai kekuna. Na ce ya cika masa kunne ne, ko ya yi masa alkawarin ragi, ko ma ya ba shi wani abu a goro.

Rana ta biyu ta mai ruwan toka ce. Na cika kwando da sabon ƙaiƙayi na ajiye a bakin zaure. Yaron ya fito da hantsi cikin farar shadda ta Juma'a, alhali Asabar ce, hula ta sha kari, ƙamshin turare ya riga shi fita. Ya tsallake kwandon.

"Baba, yau ba ƙwai. Zan ƙara gwada jan a hanyar Kabo, in ji yadda yake a doguwar tafiya."

Malam ya dube shi sama da ƙasa. "Hanyar Kabo ta gode da wannan wanka."

Da ya tafi, Malam ma ya fita kai huluna kasuwa. Ban je Islamiyya ba ranar, na aika a ce ina da uzuri. Na turo mai ruwan toka tsakar gida, na jingine shi a jikin rumbu, na jawo kujera 'yar tsuguno na zauna muna kallon juna.

Ban san keke ba, amma na san tukunya. In za ki sayi tulu ko randa, ba ido ake ba amana ba. Ƙwanƙwasawa ake yi. Mai lafiya yana amsawa da murya doguwa, mai tsaga kuwa ko ba a ganinta sai ya ce ƙwaf ya yi shiru. Na cire zoben azurfana na fara bi. Sandar sama ta amsa. Ta ƙasa ta amsa. Ƙarafan baya, dama da hagu, muryarsu ɗaya. A can ƙasa kusa da ƙafar baya na ga 'yan ramuka biyu masu zare a ciki, na gane nan ne mazaunin kariya. Na zo wuya, kan salatif, na ƙwanƙwasa.

Ƙwaf.

Yanzu na san ko ƙarfen masallaci ka naɗe da salatif haka zai ce. A lokacin ban tsaya wannan tunanin ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. A raina na ga amalanke tana shigowa ƙofar gida, na ga farar shadda a kwance a ciki.

Na sa farce na ɓamɓare bakin salatif ɗin, na warware shi duka. A ƙarƙashi akwai wani ɗan wuri kamar faɗin babban yatsa inda fentin ya canza launi. Na shiga madafi na ɗauko wuƙar da nake yanka kuɓewa.

Da niyyar in ɗan taɓa wurin kawai na fara. Fentin ya tashi, farin ƙarfe ya fito, sumul, ba walda, ba tsatsa. Maimakon hankalina ya kwanta sai ya ƙara tashi. Na ce ashe salatif ɗin ma yaudara ce, an naɗa a nan don ido ya tsaya a nan, ciwon yana wani wuri. Na kankare kewayen wuyan. Na sauka kan ƙarafan gaba, daidai inda na Malam ya ɓalle, na kankare dama na kankare hagu. Na kwantar da keken na bi mahaɗar da ke ƙarƙashin feda, na bi ta ƙarƙashin sirdi. Duk inda ƙarfe ya sadu da ƙarfe sai da na buɗe. Ɗinkin waldar da na tarar na asali ne, jere kamar ɗinkin gwani a jikin ƙwarya, ba wanda aka sake taɓawa.

Sai da kiran azahar ya shiga kunnena na ɗago. Zanina ya yi fari da garin fenti, kaji suna tsattsagarsa a ƙasa. Keken kuwa ya koma kamar akuya mai ƙazuwa. Na ɗauko salatif ɗin in mayar, ya ƙi kamawa, ƙasa ta cinye danƙonsa.

A haka Malam ya shigo ya same ni. Ya daɗe a tsaye. Ya zagaya keken sau ɗaya, ya tsuguna ya shafa wuyan.

"Kin sami abin da kike nema?"

"Babu."

"To, Allah ya sanya alheri. Kin yi wa jaki tsaga, ba a kunne ɗaya ba ma."

Yaron ya dawo gab da magariba. Ya ga keken, ya dubi ubansa, ya dubi ƙofar madafi inda nake. Tuwon da aka kai masa ya dawo an taɓa gefe ɗaya.

Rana ta uku da hantsi mai kekuna ya zo. A wannan karon na ɗebo ruwan daga randar sanyi, ba don zuciyata ta sauko ba, don ni ce mai laifi. Aka fito da kekunan biyu zaure. Na zauna a wurina na bakin ƙofa, yaron yana tsaye jikin bango.

Da ya ga mai ruwan toka sai ya yi salati, sannan ya fashe da dariya har yana share ido da hannun riga.

"Malam, ɓeraye ne a gidan nan ko kafinta?"

Na ce, "Ni ce. Ba da sanin kowa ba. Na san sharaɗi, mun saya."

Ya daina dariyar. Ya tsuguna yana bin wuraren da yatsa ɗaya bayan ɗaya, na ga ya gane tsarin da na bi. Ya kama wayar birki ya nuna yadda take gogar wuyan in an juya kan keken.

"Wannan ce ta ci fentin, shi ya sa na naɗa salatif. Da an tambaye ni da na faɗa." Ya juya wajen yaron. "Kai kuma, ɗan nan, me na gaya maka ranar farko a shago? Faɗa a gaban iyayenka."

Yaron ya dubi ƙasa.

"Ban ce maka jan na 'yan birni ba ne, na zagaya unguwa? Ban ce in kaya za ka ɗauka a hanyar daji ka ɗauki mai sandararren baya ba, sifirin ɗin gaba ya ishe ka ya tare maka duwatsu? Ban ce jan nan gaɓoɓinsa in suka saki, duk Gwarzo ba mai kayan gyaransu ba? Ka ce mini kai ja kake so. Shi ya sa na haɗo da wannan, na ce ko a gida a sami mai hankali."

"An samu," in ji Malam, "har ya yi yawa."

"Wace ce a Kabo?" mai kekuna ya tambaya. "Don jiya an ce mini an ga kayana a ƙofar wani gida, an jingine shi inda rana za ta haska shi."

Yaron ya fice daga zauren kamar an tsikare shi. Su biyun suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Kwana uku ina neman ƙarya a jikin ƙarfe, ashe tana cin tuwona.

Mai kekuna ya sha ruwan, ya ajiye kwanon a hankali. Bai dubi inda nake ba da ya yi magana.

"Na san abin da kike nema a ƙarƙashin fentin nan. Ba a jikin wannan yake ba. Na daɗe da sanin ruwan gidan nan yana da randa biyu." Ya juya wajen Malam. "Malam, ka faɗa mata, ko ni in faɗa? Mun tsufa."

Malam ya ɗauki igiyarsa ya ajiye. Ya ce wancan keken na farko, mutumin nan ya nuna masa waldar tun kafin a yi ciniki, ya ce kada ya ɗora masa nauyi. Shi ne abin da ƙarfinsa ya kai a lokacin. Kuma shi Malam da kansa ya ce a shafe wurin da fenti.

"Don me?" na ce.

"Don na san wadda na ajiye a gida. Da kin gani da ba ki bar ni na fita da shi ba."

Na tashi na koma ciki na zauna a gaban murhun da ba wuta. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to ina ga wanda aka riƙe shekara ashirin yana kan kuskure. Na so in ji kunya tsantsa, in fita in nemi gafara a wuce wurin. Na nema kuwa, bayan kwana biyu, ta bakin Malam, na haɗa da kwanon ƙwai. Amma ba zan ɓoye ba, tunda na ɗauki alƙalami: har yau akwai ɗan wurin da bai kwanta ba. Mutanen nan biyu tare suka sha bulalar malami ɗaya. Malam mutum ne da zai ɗauki laifin wani ya aza a kafaɗarsa, ko da karkatacciyar ce, don a zauna lafiya. Ya nuna masa waldar da gaske, ko a zauren nan suka ƙulla maganar da ido? Na tambaye shi sau ɗaya, bayan shekaru. Ya ce, "Ki kawo wuƙar kuɓewa ki kankare ni." Daga nan ban sake ba.

Aka sayar da tunkiya, aka mayar da ja. Mai faci ya ɗaura wa mai ruwan toka kariya ta gaske a ramukan nan biyu, ta zauna daram, har mutum ya zauna a kai ba ta motsa ba. Da yamma yaron ya tsaya a tsakar gida, ya ɗaga murya yadda ya saba.

"Baba, gobe zan kai shi a fesa masa fenti. Ba zan shiga mutane da shi haka ba, kamar wanda aka ƙwato daga bakin kura."

Ina tsince shinkafa a faifai. Na ce wa faifan, "Ba za a shafa masa komai ba."

"Baba, tsatsa zai yi."

"Akwai man gyaɗa a gidan nan," na ce wa faifan. "Duk Juma'a za a goge wuraren. Mai gogewa ba ta gaji ba."

Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi wayo. Ya tako har bakin madafi, ya tsuguna, ya yi magana da ni kai tsaye, murya ƙasa-ƙasa.

"Inna, duk wannan don tunkiya ne?"

Ban ɗago ba. Na ga tsakuwa a cikin shinkafar na cire, na ga wata na cire.

"Da ƙwai," na ce. "Ƙwai ba ya son faɗuwa."

Daga zaure Malam ya yi tari irin wanda ba na mura ba.

Washegari ya fita da kwando tun da sassafe, keken yana tafe da tabonsa a fili kowa yana gani. Aka kira azahar ina jan ruwa a rijiya, sai na ji ƙarar sarƙa a zaure. Na bari ya shiga ɗaki tukuna, sannan na je na ɗaga murfin kwandon. Ƙaiƙayin gero ne, nawa.

Yarinyar Kabo ita ce uwar jikokin nan masu tambaya. Ta ce mini ranar da ya fara zuwa da mai tabon, ƙannenta sun yi masa waƙa har bakin titi. Shekara shida ina goge wuraren nan da tsumma da man gyaɗa duk Juma'a, ina kai fuskata kusa ina duba ko gashin tsaga ya fito, har ya sayi babur. Ban taɓa samun komai ba. Babur ɗin kuwa da aka kawo, rufe yake ruf da roba da fenti, ba inda wuƙa za ta shiga. Ranar Malam ya ɓoye wuƙar kuɓewa a aljihunsa, wai don tsaro.